'Yan Tsakin da Na Rina da Rana Tsaka

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Bayan sallama da gaisuwar ɗa ga uwa, ina fatan Allah Ya sa makwancinki ya fi ɗakinki na unguwar Alkalawa sanyi. Ni ne Sa'adu, autanki. Rubutun kin san shi, na ɗan aji uku ne, sai ki yi haƙuri da shi.

Dada, wata biyu ke nan ban zauna lafiya a kan keken ɗinki ba. In taka sau uku, in ɗaga kai in dubi sama. Kazarki ce ta jawo, wake-waken nan da kika bari.

Kin sha ba mu tarihinta. Ranar sunanki kakarki ta ba ki budurwar kaza a cikin garin Yola, wannan kuwa zuri'arta ce. Kina cewa, "Duk 'ya macen da aka haifa a gidan nan, da kazarta take zuwa duniya." To ga yayata, Adda Hajara, da cikin fari, tana can Maiduguri tun da aka yi jihohi aka kwashe mijinta da sauran ma'aikata. Tata kazar ba ta jure tafiyar ba. Ke kuma babu. Saura ni, wanda bai taɓa watsa wa kaza tsaba ba, da tsohuwar kaza guda.

Ta ƙyanƙyashe goma. A kwana huɗu shirwa ta ɗauke huɗu. Na yi jifa da takalmi, na yi ihu har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ko a jikinta.

Goggo Asabe ce ta tuna mini cewa 'yan tsakinki kullum jajaye ne. Wallahi Dada, da ina yaro na ɗauka kwalliya kike musu, kamar lalle. Ashe shirwa kike ruɗawa, ta hango ja ta rasa ko mene ne. Na ruga wajen dukawa masu rina fata a kasuwa na sayo jar galura, na dawo da rana tsaka na tsoma su ɗaya bayan ɗaya, na shanya, na sake su ina jin kaina gwani.

Uwar ta tsaya. Ta karkata kai ta dube su da ido ɗaya, ta kumbura, ta far musu da sara. Kafin in kai hannu, 'yan tsaki biyu sun kwanta matattu.

Sai a lokacin abin ya dawo mini. Ni ke riƙe miki kwanon fa. Da magariba kike rinawa, lokacin da idon kaza ya mutu, ki goge su da tsumma, ki cusa su ƙarƙashin fiffikenta. Ta kwana da ɗuminsu da kukansu, gari ya waye ta riga ta yarda nata ne. Na ga launin, ban ga lokacin ba. Gaskiyarki da kike cewa, "Sa'adu, kallo daban, gani daban."

Huɗun da suka rage ta ƙi su ƙememe, sai na zama uwarsu. A kwando nake ɗaukarsu zuwa rumfa, har teloli sun sa mini Dada Kaji. Su yi ta yi. Da sassafe in bi hanyar tafkin Njuwa in tono musu gara, in haɗa da tsakin dawa. Ran da nake gida kuwa sama nake karantawa. Na gane shirwa ba ta zuwa da hantsi, tana can kwata wajen mahauta. Sai inuwar tsamiya ta taɓa bakin rijiya take fara shawagi, ni kuma kafin nan na kife kwando na ɗora dutse.

Ina tsaron sama, ɓarna ta biyo ta ƙasa. Tunku ya haƙa ƙarƙashin akurki ya kashe tsohuwar. Na tarar da gashinta wake-wake har bakin zaure. Ki yafe mini, Dada. Na jera duwatsu na zuba ƙaya, amma bayan me?

Daga nan zanko ya fara tsirowa. Na fari zakara. Na biyu zakara. Na uku ma. Saura 'yar ƙaramar, mai tabon saran uwarta a wuya. Kullum sai na shafa kanta da yatsa, ina roƙon kada in ji tudu.

Shekaranjiya direban Maiduguri ya kawo saƙo: Adda ta sauka lafiya, mace, kuma sunanki za a sa. Jiya na kai wa Goggo Asabe mai tabon. Ta juya ta, ta duba ƙafa, ta duba wutsiya, sannan ta miƙo mini ita tana share ido da gefen mayafi. Budurwa ce, Dada.

Gobe zan hau mota, kwandon a cinyata, ba zan yarda a ɗora shi saman kaya ba. Galurar duk ta zube, sai ɗan ja a bakin fiffike. Zan ajiye ta kusa da takwararki, in faɗa wa Adda abin da na koya da tsada: da magariba ake rinawa.

Allah Ya jiƙanki, Ya lulluɓe ki da rahama yadda kika lulluɓe mu. Ya raya takwararki, Ya kai mu Maiduguri, ni da kazarta, da rai.

Naki har kullum,
Sa'adu