Zanen Fuskar Inna

Jidda, 9 ga Maris, 2024

Yaya Ɗayyabu,

Ina gaisuwa. Yaya Hajiya Ma'u da yara da mutanen Mandawari? Shekara talatin da takwas ke nan da ka tara zane-zanena na ajin farko a jami'a ka cinna musu wuta, ka ce ba za a ajiye gumaka a gidan Malam ba. Ban manta ba.

Lafiyata ƙalau. Har yanzu fentin katanga nake yi, hannun ne dai ya fara rawa.

Na ji 'yarka Safiya tana koyon zane a jami'a, har kana nuna wa baƙi aikinta a waya. Ashe da zane ya shiga kwamfuta sai ya halatta? Allah ya yi mata albarka. Kada ka taɓa mata ko takarda ɗaya.

Ta roƙe ni hoton kakarta, wai malaminsu ya ce kowa ya zano fuskar wani na gida. Kai za ka ba ta amsa. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ni kaɗai ta bari na zana ta tana gyaran zogale. Shi ma ka ƙona shi, kuma yanzu na kasa tuno fuskarta.

Ƙaninka,
Yero