Wayar Farko Daga Injin Kakanka

Auta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar kawunka? Mu nan unguwar Hindawiyya a ƙasa mai tsarki lafiya lau.

Mabruk! Jiya na ga hoto a waya: tsohon injin niƙan kakanka, wanda rafi ke juyawa, wai ka gyara shi yana ba da lantarki! Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Amma ka ji. Kakanka bai taɓa kai garin farko gida ba, sadaka yake yi. To, wayar farko ka ja ta ɗakin ungozoma kafin zaurenmu. A duhu na haife ka, ban ga fuskarka ba sai da gari ya waye.

Gaida kowa, a sa ni a addu'a. Juma'a zan yi maka ɗawafi.

Innarka