Gurbi Ɗaya a Buron Agye

Agye, Talata 22 ga Fabrairu 2011, ƙarfe biyu da kwata na rana. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, shi ya sa na samu sukunin rubutu.

Yaya Balkisu,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da su Fadila. Ya ƙafar Inna?

Kin san mu biyu ke staj, wato koyon aiki, a wannan buro na raba irin shuka, ni da Sharifu ɗan Cadakori, kuma ɗaya kaɗai za a riƙe bayan zaɓen shugaban ƙasa zagaye na biyu. Ga abin da ya hana ni sakewa.

Malaman gona suna aiko mana da nauyin irin gero da wake da maganin da suka raba. Wani ya rubuta 750g, wani 2,5kg, wani 40mg. Ordinatar, wato kwamfuta, tana ɗaukar wannan a matsayin rubutu, ba lamba ba, in ka ce ta tara sai ta ba ka sifili. Ni na zauna na haɗa formil da ke raba lamba da harafin da ke bayanta: in ta ga k ta ninka sau dubu, in ta ga m ta raba gida dubu, komai ya koma giram. Na gwada ta layi bayan layi, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ban nuna wa darakta ba, ina so in sake dubawa.

Ina cikin dubawa Sharifu ya hau moto ya zagaya Gazawa ran kasuwa, ya sha shayi da malaman, ya roƙe su su riƙa rubuta lamba zalla, duk a giram. Suka yarda. Jiya darakta ya yaba masa gaban kowa, har ya dafa kafaɗarsa. Na yi murmushi, amma abincin rana bai shiga ba.

Ki gaishe da Inna, kada ki gaya mata.

Ƙaninki,
Rashidu

Agye, Alhamis 3 ga Maris 2011, ƙarfe huɗu saura, bayan taron buro.

Yaya Balkisu,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Darakta ya nemi jimillar rabon shekarun baya, waɗanda duk a tsohon salo aka rubuta. Dabarar Sharifu ba ta kai can ba. Ya zo teburina ya tambaya ko ina da hanya. Na yi shiru har ya fara juyawa, sannan na ba shi formil ɗin, ina jiran ya ce tasa ce don in samu dalilin ƙinsa.

Yau a taro Sharifu ya ce aikin Rashidu ne, ya faɗi sunana sarai. Darakta ya gyaɗa mini kai, ya juya ya yaba wa Sharifu da gaskiya da sanin wanda zai tambaya. Yaya, ko alherinsa ma shi yake ƙara wa daraja.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu: ranar da za a yanke hukunci, ko darakta ya buɗe formil ɗin da kansa, ko Sharifu ya lura da shirun da na yi, da kuma in shi aka riƙe, ko bakina zai iya yi masa barka ba tare da muryata ta tona ni ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Rashidu