Tambayar da Ba a Yi wa Inna

Garwa, watan Fabrairu

Yaya Ilyasu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da sanyin Kanada. Mu nan zafi ya fara, sai godiya.

Na ɗauki biro ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Zan ɗauki hoton takardar in turo maka, ka karanta ba tare da ka katse ni ba.

Kawu Shu'aibu ya zo daga Tuboro, ya ce wai ka sake faɗuwa jarrabawar da za ta ba ka izinin aiki a can. Ni ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya, sai a bakin mai awon auduga zan ji? Kuma wace irin jarrabawa ce wannan? Shekara da shekaru kana aikin kine, wato likitan gashi da motsa jiki, a asibitin garin nan, kana gashin ƙashi, kana tayar da mutanen da aka kawo a tabarma. Alhajin nan da ɓarin jikinsa ya shanye, har yau in ya wuce shagonmu sai ya ɗaga hannun ya nuna mini. Yanzu an ce ka zauna ka yi bayani da baki kawai, ba majinyaci ba gado, ka kasa. Kai da surutu ya hana ka ƙiba!

An ce dama ɗaya ta rage maka, in ta wuce sai dai ka ci gaba da tura keken tsofaffi. Gaskiya ne?

Inna tana gaishe ka, wato ta ce, "A gaida na Kanada." Ka san kai ɗan fari ne, tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, ba kuwa yau za ta fara ba. Bayan nan nata ya matsa mata ƙwarai. Ciwon yana sauka har ƙafafu biyu, ta daina zuwa kasuwa. Mun shafa man zafi, Goggo Luba ta kawo mai ƙaho, babu sauƙi. Ka rubuto mana irin motsa jikin da za ta yi, tunda ɗan da ta haifa yana can yana hidimar uwayen wasu.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Kaltumi

Ottawa, ƙarshen Fabrairu

Kaltumi,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma ji zafinta tun daga nan. Ina gaida kowa da kowa.

Gaskiya ne, na faɗi, kuma dama ɗaya ta rage. Tunda kin matsa, ga yadda aka yi.

Masu jarrabawar su biyu ne, ɗaya tsohuwa ce mai farin gashi, za ta yi sa'ar Inna. Suka karanta mini labarin wata mata mai ciwon baya da ke sauka ƙafafu biyu. Sai tsohuwar ta ce, "Ɗauka ni ce ita. Tambaye ni." Na tambaye ta yaushe ya fara, me ke tayar da shi, ko ta rame, ko tana zazzaɓi. Komai yana tafiya daidai har muka zo wurin da na san za mu zo.

Akwai jijiyoyi a ƙarshen lakar baya, su ke riƙe da ƙafafu da mafitsara. In ƙashi ya danne su, gashi ba ya magani, sai tiyata da gaggawa, in ba haka ba mutum ya zauna ke nan. Hanyar ganewa ita ce a tambaya ƙarara: fitsari yana kuɓuce miki? In kin yi tsarki, kina jin taɓawar hannunki a wurin? Na san tambayar, Kaltumi, ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta. Amma na ɗaga ido na ga furfura, sai bakina ya ce, "Madam, ina fata dai ba wata damuwa ta wajen kewayawa." Ta ce, "Wace iri?" Na ce, "Kowace iri." Ta ce, "Babu." Ta sunkuya ta yi rubutu. A sakamakon suka ce na bar majinyaciya cikin haɗari.

Abin da ke ba ni haushi, a Garwa ban taɓa yin wannan tambayar da bakina ba, kuma ba a taɓa cewa ban iya aiki ba. Nas Florentine ke jan labule, su yi ƙus-ƙus da matar, ta fito ta kaɗa mini kai ko ta girgiza. A nan ba Florentine, ba labule. So suke in dubi tsabar idon sa'ar uwata in tambaye ta abin da ko mijinta bai tambaya ba, sannan in bayyana musu dalilina da babbar murya. Waɗannan mutane ba su san nauyin baki ba.

Zancen Inna, kada ta yi wani motsa jiki tukuna, kuma don Allah a sallami mai ƙahon nan. Zancen ƙafafu biyun da kika yi bai kwanta mini ba. Ki lura ki gaya mini abin da ya canza a zamanta na yau da kullum, komai ƙanƙantarsa.

Ki gaishe ta da kyau.
Yayanki, Ilyasu

Garwa, cikin azumi

Yaya,

Barka da shan ruwa. Ina fata kuna samun abin buɗa-baki na kirki a can.

Na karanta bayaninka na yi dariya har maƙwabciyata a kasuwa ta leƙo. Wato ka ƙetare teku, ka bar mu da shago da Inna, ka je ka tsaya kana jin kunyar wata tsohuwar da ba ta san sunan kakanka ba? Ita fa ta ce ka tambaye ta! Ka runtse ido ka faɗa mana, wa zai kawo labarin Garwa? Na yarda tambayar ba ta da daɗin ji, amma allura ma ba ta da daɗi.

Ka ce in gaya maka abin da ya canza. Rigima ce ta ƙaru, ita ke nan. Inna yanzu ba mai taɓa mata zannuwa, da kanta take wankewa, a zaune, da wannan bayan. Na ce ta kawo in haɗa da nawa, ta fizge kamar zan sace. Ta sa an mayar da tabarmarta ƙarshen rumfa kusa da bayi, wai can ya fi iska, alhali can ne rana ta fi duka. Ga zafin da ake yi, kwalta har narkewa take, amma in an sha ruwa kurɓi ɗaya take yi ta ture kofin. Alwala kuwa ba iyaka. Tafsirin mata da ba ta taɓa fashi ba ta daina zuwa. Turaren wuta take ta zubawa har ɗakin ba ya shiguwa. Jiya takalminta ya fita a tsakar gida, ta ci gaba da tafiya da ɗaya, da na yi magana ta ce in kula da abin da ke gabana.

Tsufa ne, Yaya, kuma ni kaɗai nake shan shi. Kai dai ka yi karatunka.

Sai na ji daga gare ka.
Kaltumi

Ottawa, cikin azumi

Kaltumi,

Sallama a taƙaice. Na kira ki layin bai shiga ba, shi ya sa na rubuto.

Wannan ba tsufa ba ne, ba kuma rigima ba. Ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki. Mace ta ɓoye wankinta, ta koma kusa da bayi, ta ƙi shan ruwa a zafin Garwa, ta yi ta sake alwala, ta cika ɗaki da turare. Takalmi ya fita ba ta ji ba saboda ƙafar ta sage. Matar da aka karanta mini a jarrabawa ce zaune a rumfarmu, ke kuma kina gefe kina mita!

Ki rufe shagon. Ki kai ta wurin Dokta Fulbert yau, ki ce ni na aiko ku, ya san ni. Ki nemi Florentine ta ja labule ta tambaye ta. In amsar e ce, Yawunde za a wuce da ita a yi tiyata, ba sai bayan salla ba. Duk ranar da ta wuce tana tafiya da wani abu da ba zai dawo ba.

Tsoro nake ji ƙwarai, ban taɓa jin irinsa ba.

Ilyasu

Garwa

Yaya,

Gaisuwa. Na yi yadda ka ce, ga abin da ya biyo baya, kuma kada ka kuskura ka ɗora mini laifi.

Florentine ta yi ritaya, tana Bogo wurin 'yarta. Dokta Fulbert mutumin kudu ne, ba Hausa ba Fillanci, Inna kuma ba Faransanci. Zan shiga in yi tafinta, sai Kawu Shu'aibu ya sha gabana, wai shi ne namiji, yayarsa ce, ni in tsaya bakin ƙofa. Ina ji Dokta ya yi tambayar nan taka tiryan-tiryan. Kawu ya yi tari, ya gyara hula, ya dubi silin, ya ce, "Yaya, wai yana tambaya, ya ƙarfin jikin?" Inna ta ce, "Alhamdulillahi." Kawu ya juya ya ce wa Dokta, "Ça va," wato lafiya lau. Kamar in cire takalmi in jefe shi.

Da suka fito na koma na zayyana wa Dokta komai. Fuskarsa ta canza, nan take ya rubuta takardar Yawunde, ya ce mu kama motar Ngaundere mu hau jirgin ƙasa. Sai dai mai tafiyar ta ce ba inda za ta. Ita lafiyarta ƙalau, ba a hawa jirgi don ciwon baya, kuma ba za ta kai kanta inda za a tuɓe ta ba.

Na jira muka keɓe, na tattaro ƙarfin hali na tambaye ta da bakina. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kika haife ni?" Tun daga nan ko gaisuwata ba ta amsawa. Yau da bango ta dafa ta kai bayi.

To, ni dabarata ta ƙare. Ni a wurinta yarinya ce mai baki. Kai ne likita, kai take jin nauyi, maganarka ce ba ta taɓa mayarwa ba. Na san tsakaninku ko ido ba ku haɗawa. Amma ko ka buɗe baki, ko ka fara neman mata irin keken da kake turawa. Gobe da hantsi zan miƙa mata waya in fita.

Kaltumi

Ottawa

Kaltumi,

Na gode da kika fita.

Mun gaisa kamar kullum, ta tambayi sanyi, na tambayi zafi. Har na fara kewaye-kewayen nan nawa, sai na ji muryarta ta yi ƙasa, ta tsufa. Na ce, "Inna, ki yafe mini, yau ba ɗanki ke magana ba, likita ne." Sannan na tambaya. Duka biyun, da Hausa, kalma bayan kalma, ban sakaya komai ba. Na gaya mata abin da zai faru da ƙafafunta in ta zauna, da abin da ake iya cetowa in ta tafi.

Ina jin kaji a tsakar gida, ina jin numfashinta. Daga nan ta kashe wayar.

Na sake kira ba ta ɗauka ba. Ina jin na ɓata abin da ke tsakanina da ita, kuma ban samu komai ba. Me ya sa komai namu sai ya zama da wuya haka? Ki sa mata ido, ki gaya mini ko da me ake ciki.

Ilyasu

Garwa

Yaya,

Inna ta sa na miƙo mata tawada da alƙalami, ta rubuta wannan da ajami, don ta san ban iya karantawa ba. Ta ce in ɗauki hotonsa in turo, sannan in ƙona a gabanta. Na ƙona. Ta kuma ce in sauko mata da akwati.

Kaltumi

Bismillahi.

Zuwa ga yayan Kaltumi. Bayan gaisuwa.

Tambayarka ta farko, e. Ta biyu, ba na ji. Tun kafin azumi.

Yau na tashi zan yi salla, ƙafar hagu ta ƙi. A zaune na yi.

Na ji haushinka, har yanzu ina ji. Amma kowa ya ga wankin nan ya kau da kai, kai kaɗai ka gaya mini abin da ke gabana. Zan hau jirgin. Ka gaya wa likitocin can da kanka, kada a sa Shu'aibu.

Ka yi jarrabawarka. Allah ya yi maka albarka.

In ka dawo gida, ni da kai ba mu taɓa yin wannan magana ba.

Wassalam.