Koren Ƙyallen da Na Yanka wa Sale

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Hadiza ce, babbarki. Ina rubuto miki ne daga rumfarki ta yadi a babbar kasuwa, Grand Marché, wadda har yau da sunanki ake kiran ta.

Shekara shida ke nan da rasuwarki, ban manta abin da kika ce min a kan gadon asibiti ba: “Ki riƙe min Haruna da Sale, kada ki bari su rabu.” Inna, na kasa.

Kin bar su suna tuƙa motar shanu zuwa gabas. Da yaƙi ya ɓarke a ƙetaren iyaka, hanya ta mutu, sai 'yan tawaye suka fara neman direbobi. Haruna ya bi mutanen wani da ake ce wa Kanar, Sale ya bi na wani Janar. A can duk wanda ya tara mota goma ya zama janar. Gwamnati ɗaya suke yaƙa, amma ɓangarorin biyu ba sa ga-maciji da juna, ni kuma ina nan gida a Gassi, ko tuwo ba ya wuce min.

Sai wata rana aka ce sun haɗe. Na gani a waya da idona: Kanar da Janar sun ɗora hannu a kan Alƙur'ani, suka ci abinci a faranti ɗaya. Alamarsu koren ƙyalle ne a damtsen hagu, don kowa ya san nasa daga nesa. Haruna ya kira ya ce in aika musu da koren yadi. Da almakashinki na yanka shi sili-sili, na Sale har na yi masa kalmasa, kin san shi da son gayu. Suka turo min hoto suna shan shayi a gindin wata aduwa. Ranar na soya waina na raba wa maƙwabta, ina cewa na cika miki alkawari. Ashe wautata ce.

Wata huɗu kawai abin ya yi. Manyan suka saɓa a kan wa zai zauna a kujerar gaba wajen sulhu, a wani otal da ke wata ƙasa. Ta waya suka raba gari. Mutanen Kanar suka wayi gari da jan ƙyalle, aka ce musu duk mai kore abokin gaba ne.

Sale bai ji ba, Inna. An aike shi ɗebo ruwa da tanka, tafiyar kwana biyu, inda babu reso, waya ba ta shiga. Ya dawo ta shingen da ya saba bi, ya fito da hannunsa ta taga yana kaɗa musu koren nan, kamar kullum. Mutanen da ya shayar da ruwa ne suka buɗe masa wuta.

Motar da aka girke wa bindigar, Haruna ne direbanta. Ya gane tankar, ya yi ihu, ƙarar ta danne muryarsa. Shi ya haƙa ramin. Babu likkafani, a cikin tamfol ya naɗe ƙaninsa. Da ya kira ni abu ɗaya yake ta maimaitawa: “Yaya, ni na riƙe sitiyari.”

Makon jiya manyan nan suka sake shiryawa. Sabon suna, sabuwar rantsuwa, Alƙur'anin dai shi ne. Suna dariya, suna rungumar juna. Ba wanda ya ambaci Sale. Na zage su a zuciyata har na ji tsoron Allah.

Na roƙi Haruna ya dawo. Ya ce yanzu da suka haɗe, wanda ya gudu ɓangarorin biyu ne za su neme shi. Muryarsa ta koma ta tsoho. A ƙarshe ya ce sabuwar alamar fara ce, in aiko da farin yadi ta hannun masu motar albasa.

Jiya na sauko da bandir ɗin, na ɗauki almakashi, na sake ajiye shi. Na san wannan haɗin ma zai watse, kuma direba ne na ƙarshe da labarin zai isa kunnensa. Sai na auna daidai tsawon Haruna, na ƙara abin da ake ƙara wa likkafani, na naɗe shi ɗungurungum ban yanka shi sili-sili ba. In ya buɗe zai gane. Shi dai kada a sa min shi a tamfol.

Ki yafe min, Innata. Ina kewarki, ina kuma godiya da ba ki ga wannan ba. Allah ya haskaka kabarinki, ya jiƙan Sale, ya haɗa shi da ke. Haruna kuma, Allah ya sa yadin nan ya tsufa a cikin jakarsa. Amin.

Taki, wadda kika bar wa amana,
Hadiza