Sunan da Kuka Tsallake a Walimar Ɗalibai

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Maryland da Virginia,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ranka ya daɗe, ƙorafi ne da ni, kuma a fili zan yi shi tunda a fili aka yi mini.

Na ɗaya. A walimar bana ta yaranmu da suka gama jami'a, an kira kowa da sunansa da abin da ya karanta, iyaye na miƙewa ana tafi. Likitoci, injiniyoyi, har da wanda duk mun san da ƙyar ya fita. Ɗiyata ta karanci fasahar gargajiya ta 'yan asalin ƙasar nan, saƙarsu da tukwanensu. Mai sanarwa ya dubi takarda, ya yi murmushi, ya wuce. Da na tambaya, aka ce wai kada ƙanana su yi sha'awar karatun da ba ya kawo abinci. Sannunku da hangen nesa!

Na biyu. Tana aiki a wani gidan adana kayan tarihi a Washington, tana kula da kayan mutanen nan, tana taimakawa a mayar wa masu su abin da aka kwashe wa kakanninsu. Tana cin abinci, ranka ya daɗe, har tana kawo mana gida nan Landover.

Na uku. Ba a jima ba sakatarenku ya kira ta, wai ta zo ta ƙawata zauren ranar al'adu da faifai da ƙwarya. Ashe karatun yana da rana idan za a ɗauki hoto.

'Yar fari ce. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, haka aka rene mu a Zariya. Saboda walimar nan na ɗinka atamfa, na yi musayar ranar aiki a asibiti, na zauna ina jira in ji sunan a bakin wani. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ita kuwa ta ce ta daina taka taronmu, kuma tun daga ranar nan, da Turanci take amsa mini.

Roƙona, ku ba ta haƙuri a gaban jama'a, ku kira sunanta da karatunta cikakke. In kuwa ya yi muku nauyi a baki, ku miƙo mini makirufo. Zan ajiye kunya in kira shi da kaina.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ku ikon karanta takarda har ƙarshenta.

Wassalam.
Mahaifiyarta, daga Landover