Fasto Ya Nemi Kayena Ranar Bankwana

Baba Muntaka, ka taimake ni, saura kwana tara asirina ya tonu.

Ni mai zanen hula ne a Matamaye, ɗan wata ƙaramar majami'a. Shekara bakwai Fasto Ayuba yana yi mana wa'azi, ni kuwa ina benci na biyu da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, kaina a duƙe. Sau da yawa yakan nuna ni, ya ce a yi koyi da bawan Allahn da ba ya barin kalma ta faɗi ƙasa. Baba, ko baƙi ɗaya ban rubuta ba. Zane nake yi.

Ranar wa'azin matar Lutu na zana Maryama, shugabar zumuntar mata, ta zama kantun gishiri, don kullum tana waiwayen wanda ya makara. Dattijo Nura shi ne Li'azaru da aka tayar daga matattu, sai dai nawa har aka tashi bai farka ba. Ranar Yunusa kuwa, da wa'azi ya shiga awa ta uku, na zana kifi ya haɗiye Fasto, takalmansa kaɗai a waje.

Yanzu an mai da Fasto garin Magarya, ya kuma roƙa a gaban jama'a in karanta wani abu daga kayena ranar bankwana, sannan in ba shi ya tafi da shi. Mutumin nan shi ya goya matata a babur cikin ruwan sama zuwa likita, lokacin da maƙwabta suka wadata mu da sannu. Har wannan na zana. Ina so in gode masa, ba in kunyata shi ba. In ce gara ta cinye? Ko in ba wani ya rubuta mini sabo?

Mai Bik na Benci na Biyu

*

Ɗana,

Madalla da wannan tsoron Allah! Shekara bakwai ana yabonka kana sunkuyar da kai kamar ango, sai yau kunya ta gane gidanku.

Bar batun gara. Baiwar Allah ta sha ɗaukar laifin mutane, kada ka ƙara mata naka. Sabon kaye kuwa, wa zai cika maka shi? Dattijo Nura?

Ni ba ɗan majami'a ba ne, amma na yi gyangyaɗi a wa'azi iri-iri, na kuma san abu ɗaya: mai wa'azi a tsaye yake, kai a zaune. Benci na biyu! Kana tsammanin bai taɓa hango wutsiyar kifin nan ba? Wanda ya nemi kayenka, bai nemi na masu kyakkyawan rubutu ba, ya san abin da yake roƙo. Ka kuma lura, har yau kana tuna Lutu da Li'azaru da Yunusa. Tambayi masu cewa amin da ƙarfi abin da aka faɗa makon jiya, ka sha labari.

Amma kada kanka ya kumbura. Fasto zai tafi, Maryama tana nan, kuma a Matamaye za ka ci gaba da sayar da hula. Ba ta ba ka aron fuskarta ba, Nura ma haka. Wasan da mai shi bai yi dariya ba, sunansa zagi.

Saboda haka ka je gidan Fasto kafin Lahadi, da ƙafarka, ka buɗe masa shafi-shafi, ka faɗa masa gaskiya. Ka cire na Maryama da na Nura. Ranar bankwana ka ɗaga shafin babur a gaban jama'a, ka ba da labarinsa da bakinka. Godiya ba ta bukatar baƙi.

Na kifin kuwa, ka miƙa masa da hannu biyu. Kai ka roƙa a haɗiye shi, ga shi Magarya ta buɗe baki, kai ne kuma na farko wajen kuka.

Allah ya sauke shi lafiya, ya ba ka sabon fasto mai gajeren wa'azi da raunin gani.

Baba Muntaka